Hannu Biyu, Karne Ɗaya

Gara in fara da nawa laifin: maganin hawan jini nakan sha shi ne ranar da na tuna, kuma ni ba mai yawan tunawa ba ne. Shi ya sa na daɗe ina ɗumama benci a wani ƙaramin asibitin unguwa a Sokodé, har na san labarin Malam Jafaru fiye da sunan ƙwayoyina.

Shekara goma sha tara Jafaru yana mataimakin likita a wurin. Likitoci uku ne ke karɓa-karɓa, kowa da ranarsa, shi kuwa kullum yana nan. Shi ke juya Faransancin likita zuwa Hausa ko yaren Kotokoli, shi ke tace kukan tsofaffi ya fitar da abin da zai shiga takarda. Amma abin alfaharinsa awon jini ne. Hannu sittin yake ɗaurewa a rana da tsohon abin awonsa mai famfo, ya kasa kunne, ya rubuta. Na'urar batir da aka kawo bara, abin wasan yara yake kiranta.

Wata Litinin Dokta Nafissatou, wadda watanta huɗu ke nan da zuwa, ta kira shi ofis. A gabanta akwai takardar da ta kwafo daga wani karne, wato ɗan littafin asibiti da kowane majiyyaci ke yawo da nasa.

"Malam Jafaru, duba nan. Alhaji Abdulƙuddus, dillalin shanu. Janairu awon jininsa ya hau har sha tara. Fabrairu sha biyu, kamar na mai lafiya. Maris sha takwas. Afrilu sha biyu, har aka rage masa magani. Jinin mutum ne wannan ko lilo?"

"Abin da na ji na rubuta, Dokta."

"Abin da nake tsoro ke nan. Yaushe rabon da a duba maka kunne?"

Ta faɗa masa cikin ladabi, ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa in ba a gano dalili ba zuwa ƙarshen wata, zai koma teburin rajista, a bar wa na'urar batir aikin awo.

Rajista! Wurin da ake tambayar mutum sunan unguwarsu! Da ya koma gida bai ko cire takalmi ba ya fara zazzaga wa matarsa Asama'u.

"Kunnena fa take nufi! Yarinyar da ina awon jini tana koyon ɗaura ɗankwali! Likitoci nawa suka zo suka wuce a hannuna? Akwai wanda ya taɓa cewa ban ji daidai ba?"

Asama'u ta ce, "Jiya sau uku na kira ka cin abinci."

"Wannan daban. Na ji ki sarai."

Ranar Alhamis sai ga karnen ya dawo. Jafaru ya gaida mai shi, kansa a sunkuye, don a Zongo, unguwar Hausawa, aka raine shi, inda ba a ƙura wa babba ido. Gaskiyar magana, ko ƙananan ma ba ya kallon fuskarsu. Shi hannu ya sani. Ya naɗe hannun rigar, ya ɗaura, ya matsa famfo. Sha biyu. Ya sake. Sha biyu. Zuciyarsa ta yi baƙi, yana kwancewa yana hango teburin rajista, sai idonsa ya tsaya a gwiwar hannun. Sumul take. Shi kuwa ya rantse akwai watan da ya gyara ɗaurin don ya kauce wa wani tsohon tabo a daidai nan.

"Alhaji, ina tabon da ke hannunka?"

"Na ƙahon bijimi? Ai wannan a hannun Yaya yake."

A karo na farko Jafaru ya ɗaga kai ya dubi mutumin.

"Kai wane ne?"

"Sadi. Ƙaninsa."

Babu ko ɗigon kunya a muryarsa, ya yi bayani kamar mai kwatancen hanya. Yayansa a garin Dapaong da ke arewa yake zaune, can yake sayen shanu. Watan da ya biyo motar shanu zuwa kudu, ya tsaya Sokodé a auna shi. Watan da bai samu zuwa ba, sai ya ba direba karnen ya kawo, shi Sadi da ke nan Sokodé ya zo ya miƙa hannu, ya karɓi magani ya aika.

"Ka miƙa hannunka a madadin nasa?"

"To mene ne? Uwa ɗaya uba ɗaya muke, Malam. Jinin ai ɗaya ne."

Jafaru ya karɓe karnen ya riƙe. Ya so ya ruga ofis, amma ranar ba ta Dokta Nafissatou ba ce, kuma shi ba labari yake so ya kai mata ba, lamba yake so. Ga kuma wani abin da ya tsaya masa a rai: tun Afrilu aka rage maganin wancan dattijon saboda lafiyayyen hannun ƙaninsa.

Asabar da sassafe ya shiga motar Dapaong, karnen a aljihu, abin awo a cinya. Daga Kara har Mango yana shirya jawabin da zai yi wa Dokta. Kafin su wuce Bombouaka ya gyara shi sau huɗu, kowanne ya fi na baya zafi, har matar da ke kusa da shi ta tambaya ko da ita yake.

Ya sami Alhaji Abdulƙuddus a wata rumfa a kasuwar shanu, ya ɗaure goshi da rawani tamau, wai kwana goma ke nan kansa na sarawa. Bayan gaisuwa Jafaru ya naɗe hannun rigar. Ga tabon nan. Ya matsa famfo, ya kasa kunnen nan da aka raina. Ashirin.

Nan take ya kira Dokta Nafissatou. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a kai dattijon asibiti mafi kusa yanzu, kada a jira a tashi kasuwa. Sannan ta ce, "Malam Jafaru, ka yi haƙuri. Kunnenka lafiya lau."

Jawabin nan na hanya duk ya tashi a banza. Don kada ya yi asararsa gaba ɗaya, ya ce, "Ba a gama ba, Dokta. Mutane biyu ba sa kwashe shekaru da karne ɗaya sai da sakacin wani ma'aikaci. Zan kawo miki sunansa ranar Litinin, kuma wallahi ko rajistar ba ta dace da shi ba."

Suna jiran a kawo mota ya juya kan Alhaji.

"Fisabilillahi Alhaji, da girmanka! Hannu rake ne da za a aiko wani da shi? Saura kaɗan ka faɗi a tsakiyar shanu, ni kuma a raba ni da aikina. Wane marar kan gado ne ya ce muku ana haɗa karne?"

"Mu ba mu yi gaban kanmu ba, Malam," in ji dattijon, yana runtse ido saboda ciwo. "Shekara shida ke nan, muka je tare da Sadi, aka ce karne ya ƙare saura ɗaya. Wani bawan Allah a asibitinku ya ce mu riƙe shi mu biyu. Mutumin kirki, ko fuskarmu bai kalla ba don kunya. Har ya rubuta a ciki."

Jafaru ya zaro karnen. Ya saba buɗe shi daga shafin ƙarshe, inda ake rubuta awo. Wannan karon ya buɗe bangon farko. A can ƙasa, da jan biro da ya fara koɗewa, an rubuta da Faransanci cewa na Alhaji ne da ƙaninsa, kafin sababbi su iso.

Sababbin sun iso tun a wancan lokacin, bayan mako biyu kacal. Rubutun kuwa na Jafaru ne, har da sa hannu.