Takabar Hamdiya

Malam Nu'umanu ya san abin da ya kawo Dogo tun kafin ya tuɓe takalmi a bakin zaure. Manomi ba ya barin gonarsa a tsakiyar damina, ya hawo babur daga Jabo har Sanyinna, don kawai ya tambayi lafiyar suruki. Suka ja gaisuwa har ta ƙare, babu sauran wanda za a tambayi lafiyarsa.

"Allah shi gafarta Malam, maganar ɗiyata Hamdiya ta," in ji Dogo. "Watanni na tafiya, ba ta ga miji, ba ta ga takaba. Mi littafi yac ce?"

Hamdiya matar Mu'awiya ce, ɗan Malam, soja. Da rani aka kwashe rundunarsu aka tsallaka iyaka da su, wai za su taya wata ƙasa korar 'yan bindiga. Ana nan sai ga jami'ai biyu sun zo da huluna a hannu, suka ce an neme shi ba a gan shi ba. Ba su ce ya rasu ba, ba su kawo ko takalminsa ba.

Abin da littafi ya ce kuwa, Malam ya fi kowa sani a ƙasar Tambuwal. Ya karantar da babin wanda ya ɓace har ya gaji, yana yi wa ɗaliban da suka rikice dariya. Idan mutum ya ɓace haka kawai, a fatauci ko wata tafiya, matarsa za ta jira shekara huɗu kafin ta shiga takaba. Idan kuwa a fagen yaƙi ne, kuma akwai wanda ya gan shi a cikin sahu, to da zarar an nema an rasa, sai a ɗauke shi a matsayin mamaci. Alƙalin da za a kai wa maganar ɗalibin Malam ne, ya kuma riga ya ce ba zai buɗe baki ba sai ya ji ta bakin malaminsa.

"Tau shi na nika tambaya," Dogo ya matsa. "Wanga abu yaƙi na, ko ba yaƙi ba na?"

Nan fa ɗaya. Rediyo kullum sai ta maimaita cewa ƙasar nan ba ta yaƙi da kowa, aikin haɗin gwiwa ne na ɗan lokaci. A teburin mai shayi kuwa, inda kowa janar ne, ana ta musu har da buga benci. Wasu su ce ai ba yaƙi sai majalisa ta zauna ta ce yaƙi ne, wasu su ce harsashi bai san majalisa ba. Su musu ne na cinye lokaci, an tashi an watse.

Malam ya ce wa Dogo ya ba shi kwana biyu. Gaskiyar magana, ransa ya so maganar rediyon ƙwarai. Ga mafaka an kawo masa har gida: hukuma ta ce ba yaƙi ba ne, shi wane ne da zai ƙaryata hukuma? Sai ya samu shekara huɗu yana da ɗa. Wannan tunanin ya ba shi kunya, ya kuma kasa korarsa.

Da ya shiga cikin gida, ya tarar da matarsa Ummulkulsum tsaye a bayan katangar zaure, ko ɓoye cewa ta ji komai ba ta yi ba.

"Malam, kak ka kashe min yaro da baki," ta ce. "Waɗanda sunka ɗauke shi ba su ce ya mutu ba."

Ya wuce ta zuwa tsakar gida. Can gefen murhu Hamdiya tana durƙushe tana tankaɗe, kanta a sunkuye. Yarinyar ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu, kuma tun da abin ya faru ba ta taɓa tambayarsa komai ba.

Washegari da hantsi ya hau bayan ɗan acaɓa zuwa Kebbe, domin an ce masa wani soja mai suna Sirajo, wanda suka tafi tare da Mu'awiya, ya dawo gida jinya. Ruwa ya cinye hanyar, sau da yawa sai sun sauka sun tura babur cikin taɓo. Duk inda suka tsaya, Malam sai ya ji yana fatan a ce hanya ta yanke, a koma.

Ya samu Sirajo a ƙarƙashin dalbejiya a ƙofar gidansu, hannun rigarsa na hagu a naɗe, an soke shi da allura a kafaɗa. Saurayin ya yunƙura zai durƙusa, Malam ya hana shi.

"Ɗana, abu guda nika son ji. Yaƙi kunka yi?"

Sirajo ya duba hagu da dama. "Malam, an gargaɗe mu. Anka ce duk wanda yak kira shi hakanan, shi kuka da kainai."

"Tau bar sunan, ni ba ɗan jarida ba na. Kun ja sahu, su ma sun ja sahu?"

"Awo."

"Da tutarsu, da shugabansu?"

"Har da motoci masu manyan bindigogi, Malam. Sun fi mu yawa."

Saura tambaya ɗaya, wadda a makaranta Malam yakan jefa wa ɗalibai yana murmushi. Idan Sirajo ya ce bai gani ba, shi ke nan, shaida ba ta cika ba, ya koma gida da ɗansa.

"Yaron nan, ka gane shi cikin sahu da idonka, ko labari ka ji?"

Da alama Sirajo ya fahimci amsar da tsohon yake so, kuma da Malam ya ɗan kau da kai, da ya ba shi ita. Malam bai kau da kai ba.

"Yana dama gare ni," in ji Sirajo a hankali. "Shi yaɗ ɗaure min hannu da rawaninai. Da anka ce mu ja baya, shi da mutum biyar sunka tsaya tsare gada don mu ƙetare. Muna ƙetarewa gadar ta tashi. Mun koma bayan kwanaki, ba mu iske kowa ba."

"Za ka faɗi hakanga gaban alƙali?"

"In sunka ji, sun kore ni."

"Na sani. Za ka faɗi?"

Sirajo ya dubi naɗaɗɗen hannun rigarsa, ya ce zai faɗa.

La'asar ta yi sanyi Malam ya iso gida, taɓo har gwiwa. Ya tsaya a tsakar gida ya kira Hamdiya. Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, Ummulkulsum ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu.

"Ɗiyata," ya ce, "na bincika. Yaƙi na. Gobe mu tafi wurin alƙali, ki shiga takaba. Allah shi ba ki haƙuri."

Ludayin ya faɗi.

"Hukuma da bindigoginta ba ta ce ya mutu ba," in ji Ummulkulsum, "sai ubanai."

Ta juya ta shige ɗaki, ta turo ƙofa. Hamdiya ba ta yi kururuwa ba. Ta kai hannu ta cire ɗan kunne ɗaya, ta cire ɗayan, ta riƙe su a tafin hannu, sannan kukan da ta danne tun zuwan jami'an nan ya ƙwace mata.

Malam bai aiki kowa ba. Da kansa ya kwaso tabarmi daga zaure, ya shimfiɗa su a ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ta tsakiya. Maƙwabcinsa Ubaidullahi, wanda ke dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, ya ga shimfiɗa ya tsaya cak.

"Subhanallahi! Malam, wa munka rasa?"

Mu'awiya ɗan fari ne, kuma saboda kunyar ɗan fari, tun ranar suna Malam bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce yaron nan. Ubaidullahi yana tsaye yana jira.

"Mu'awiya," in ji Malam. "Mu'awiya ɗana."