Fuskar Baba Sammani

Malam Armaya'u ya juya shafi na goma sha tara, ya sake tarar da ƙafa. Ya cire tabarau, ya murza idanu, ya mayar. Ƙafar tana nan yadda take, da kaushi a dunduniya, da babban yatsa mai farce a tsage.

Asabar ce ta ƙarshen zango. Kwalejin da yake wa aiki ta ari aji biyu a wata makaranta a Safana, inda malaman firamare na ƙauyuka ke taruwa ƙarshen mako don su cike karatunsu. Shi aka ba darasin labarin zane, wato yadda ake jera labari cikin akwatuna, a sa wa mutane maganarsu a da'ira bisa kai. Shekara huɗu ke nan yana yi, kuma ya gaji. Cikin ɗalibai goma sha bakwai, goma sha shida sun kawo masa jarumi mai faɗin ƙirji wanda ya shiga daji shi kaɗai ya dawo da shanun gari. Bai ga laifinsu ba. Amma jaruman nan ba sa jin yunwa, ba su da uwa, ba wanda ya taɓa yin tuntuɓe.

Na Tayyib ne kaɗai ya fita daban. Labarin wani manomi ne da ya rantse ba mai raba shi da gonarsa, har ranar da ya kulle ɗakinsa ya bi motar masu barin gari. Shafi ashirin da huɗu, kuma ko sau ɗaya ba a nuna mutumin daga gwiwa zuwa sama ba.

"Tayyib, zo nan."

Ya taso daga bencin baya. Magidanci ne mai shekara talatin da huɗu, malamin aji uku. An riga an faɗa wa irinsu cewa duk wanda bai kawo takardar shaida bana ba, za a cire sunansa daga cikin malamai.

"Ina takardar fuskoki? Tun makon farko na faɗa muku. Kowane tauraro sai an zana fuskarsa sau shida: murna, fushi, tsoro, baƙin ciki, mamaki, kunya. Jibi Litinin mai duba sakamako zai zo daga kwaleji. Abin da yake fara nema ke nan. In babu, ko buɗe labarin ba ya yi."

"Malam, ƙila tauraron nasa aljani ne," in ji Surayya daga bencin gaba. "Shi ya sa yake ta duba masa ƙafa, ko zai ga kofato."

Aji ya kwashe da dariya. Tayyib bai yi ba. Ya jira har suka fita shan ruwa, sannan ya matso.

"Ranka ya daɗe, Baba ne."

"Wa?"

"Manomin. Mahaifina ne. Ban san fuskarsa ba."

Malam Armaya'u ya sassauta murya. "Allah ya ji ƙansa. Tun kana ƙarami?"

"A'a, yana nan da ransa. Yana Batsari, tun da muka taso daga Darini."

"To, wace irin magana ce wannan?"

"Malam, da na shiga wurinsa nakan durƙusa. Abin da ke gabana shi na sani. In ransa ya ɓaci, babban yatsan nan haƙa ƙasa yake yi. In yana murna, sai ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana sosawa. Ranar da muka bar gida, ga ta nan shafi na ashirin da biyu, ya sa takalmi bai da bai, har muka iso bai gyara ba. Daga nesa zan gane shi cikin mutum dubu. Amma in na ɗauki fensir, ba abin da ke zuwa."

"Hoto fa?"

"Ba ya yarda a ɗauke shi. Na jikin katinsa kuwa can muka baro."

"Ƙirƙiro masa wata mana. Ai labari ne."

"Na gwada. Duk wadda na ɗora masa sai ta zama ta wani. Sai in ji kamar na yi wa Inna sabon miji."

Malam Armaya'u ya dubi agogo. Sha ɗaya da rabi. Bayansa na ciwo, tun safe ruwan shayi kaɗai ya sha, kuma hanyar Batsari ba wadda mai hankali zai bari la'asar ta same shi a kanta ba ce. Ya yi tunanin ya rubuta sifili ya huta. Sai ya sake buɗe shafi na ashirin da biyu, ya daɗe yana kallon takalman nan biyu da suka juya wa juna baya.

"Babur ɗinka na da mai?"

Sun shiga Batsari rana tsaka. A wani zaure na aro, can bayan rumfunan kasuwa, suka sami Baba Sammani a kan tabarma yana tufkar igiya da zaren buhu. Ya maƙale bakin igiyar a yatsan ƙafa yana ja. Tayyib ya cire takalmi tun daga waje ya durƙusa. Malam Armaya'u ma ya durƙusa kusa da shi.

"Barka da rana, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, samari. Ya hanya? Ya mutan Safana? Ya haƙuri da wannan zamani?"

"Sai godiya, Baba. Ya ƙarfin jiki? Ya baƙunta?"

"Baƙunta kam ta ƙi ƙarewa. Kai ne malamin da ke koya wa wannan zanen mutane? Na ji labari. Ƙato da gemunsa, wai ya koma zanen 'yar tsana."

Malam Armaya'u ya yi bayani a hankali: ga ka'idar kwaleji, ga mai dubawa, ga aikin Tayyib da ke rataye da takarda guda. Tsohon ya bar tufka. Da aka gama, sai ya yi wata dariya mai haɗe da tari.

"Ikon Allah! Yanzu boko ya kai sai ɗa ya ƙura wa ubansa ido kafin a ba shi takarda? Ni har na binne nawa ban san ko yana da wushirya ba." Ya gyara zama. "To, ga ni. Kai, ɗago ka kalle ni. Ba na cizo, haƙoran ma sun riga ni ƙaura."

Tayyib ya ɗora takarda a cinya. Ya ɗago kai kaɗan, har gwiwar tsohon. Ya ƙara, har aljihun riga inda goro ya yi tudu. Ya kai ga bakin gemu, sai wuyansa ya ƙi, kamar an ɗaure shi da igiyar nan. Kansa ya koma ƙasa.

"Ka gani ko, Malam? Laifina ne, ni na yi masa tarbiyya. Sake gwadawa, kai!"

Amma muryar ba ta fito da ƙarfinta ba. Wata akuya ta yi kuka a waje. Can fensir ya fara motsi. Malam Armaya'u ya saci kallon takardar. Ƙafa ce kuma. Sai dai wannan karon yatsun goma duk sun lanƙwashe sun shige ƙasa, ƙafar hagu ta ɓuya bayan ta dama, kamar ta amarya. Ya dubi tabarma, ya ga haka suke.

Aka kira azahar. Tsohon ya jawo buta da sauri kamar wanda aka cece shi.

"Na ba ku aron fuska, kun ƙi ɗauka. Ni na tafi masallaci da abata. Malam, ka gaida gida."

Bayan sun yi salla, Tayyib ya raka Malam Armaya'u tasha. Motar Safana saura mutum biyu ta cika, kwandasta na ta buga mata gefe. Tayyib ya tsaya riƙe da takardarsa.

"Ban taɓa ganin ƙafarsa ta yi haka ba, Malam. Ashe shi ma yana jin kunyata." Ya ciro fensir. "Amma kai baƙo ne, ka gan shi. Faɗa mini kawai, in zana a nan. Hancinsa dogo ne? Yana da tsage?"

Malam Armaya'u ya buɗe baki. Ya nemi fuskar a ransa. Ya ga igiya. Ya ga farcen nan mai tsaga, da wani tsohon tabo a idon sawu, da gefen tabarma inda ta fara warwarewa. Kusan awa guda ya yi a zauren.

"Yana da gemu," ya ce.

"Wannan ai na kai wurin."

Kwandasta ya leƙo. "Alhaji, za ka ko ba za ka ba? Rana na yi."

Malam Armaya'u ya sa ƙafa ɗaya cikin mota, ya juyo.

"Kana da biyar a cikin labarin, ga ta shida ka samu yau. Jera su a takarda ɗaya, ka rubuta sunan kowace a ƙarƙashinta. Ka kawo mini gobe kafin azahar, zan sa hannu."

"Ƙafafun, Malam? In mai dubawa ya ƙi fa?"

Malam Armaya'u ya matsa ciki, ya ɗora jakarsa a cinya, ya jingina kai da gilashi.

"Sai ka ɗauko shi a babur, ya zo ya gaida Baba."