Injin Tanimu Mai Hoto

"In hoton bai fito ba, ka ƙara wuta ka sake," in ji Tanimu. Yana kwance a tabarma, numfashi da ƙyar, yana koya wa ƙanensa Sahabi sana'a. Yatsunsa sun yi baƙi, sun tsattsage. Ciwon daji ya gama da jininsa, amma bakinsa na nan daram.

Dubiya na zo. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Yelwan Yauri. Tun da matata ta rasu na koma wa littattafai, unguwa kuma ta yanke hukuncin cewa karatu ya taɓa ni.

Tanimu bai taɓa zama likita ba. Shara ya yi a wani asibiti, ya ga inda ake dannawa, ya sayo tsohon injin hoton ƙashi a gwanjo, ya kafa a ɗakin zaurensa. Da masunta da mahaƙan zinare ya fara. Daga baya ya gano cinikin yana wurin mata masu ciki, masu son ganin abin da suke ɗauke da shi. Ranar kasuwa har daga Shanga da Ngaski suke zuwa. Don su saki jiki, sai ya riƙa kwantar da matarsa Halimatu a gabansu, tana da ƙaramin ciki. Ƙaramin ciki kuwa ba shi da ƙashin da zai fito sosai. Sai ya ƙara wuta ya sake.

'Yarsu Mufida ta zo duniya da ɗan ƙaramin kai. Sa'o'inta sun gama sakandare, ita har yau sai an ɗaura mata zani. Kalma ɗaya ta iya, "Inna". Dangin miji suka ce Halimatu ce ta je wanki bakin gulbi da faɗuwar rana, mutanen ruwa suka taɓa cikin. Ta sha rubutu, ta sha hayaƙi, ta sha zagi, ba ta taɓa musawa ba.

Na faɗa wa Tanimu tun da daɗewa. Na ce na karanta labarin 'ya'yan da ke ciki lokacin da aka jefa bam a Japan, yadda hasken bam ɗin, irin na injinsa, ya sami ƙwaƙwalwarsu tana tsakiyar haɗuwa, a watannin farko, aka haife su da ƙananan kawuna. Ya yi dariya ya ce nan Yauri ne. Na kai ƙara wani ofis, aka ba ni kujera da ruwan leda. Injin ya koma ɗakin ciki, shi ke nan gyaran.

Yanzu ga shi yana rabon gado tun da ransa. Sahabi zai kai injin Warra, inda a cewarsa mata ba su san wani hoto ba.

Na ce, "Tanimu, kana gab da tsayuwa gaban Allah. Dubi ɗiyarka. Kada ka bar wa matan Warra wannan abin."

"Malam, kana da shaida?"

"Ba ni da ita. Wa ya taɓa auna injinka balle a sami shaida? Ina da ido dai."

Sahabi ya ce in ji tsoron Allah, ba a yi wa mara lafiya haka. Tanimu ya juya fuska bango ya ce Mufida ƙaddara ce.

Da na fito tsakar gida, Halimatu na tsaye bayan labule da kwanon kunu. A duk zamanmu ba mu wuce gaisuwa ba. Ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko a wane wata ne hasken ya fi ɓarna. Na ce daga na biyu zuwa na huɗu. Leɓɓanta suka shiga motsi, tana ƙirga watanni.

"Ke nan ba gulbi ba ne," ta ce.

Tanimu ya cika bayan azahar. Muka sallace shi, liman ya ce mutum ne mai taimakon al'umma, jama'a suka amsa da amin. Ni ma na ɗaga hannu. Ba a fasa addu'a don an san mamaci.

Bayan an share makoki, Sahabi ya zo da hantsi da motar ɗaukar kaya. Kafin ya gama gaisawa da mutanen ƙofar gida muka ji daka daga ciki. Dakan ba na turmi ba ne, ƙarfe ne ke amsawa, sannan gilashi ya tarwatse. Ya ruga, na bi shi da sandata.

Halimatu na tsaye cikin kayan takaba, taɓarya a hannu. Kan injin ya rabe biyu. Sahabi ya hau ihu, yana cewa ta haukace, haƙƙin marayu ne ta lalata. Ba ta ko dube shi ba. Ta jingine taɓaryar, ta wanke hannu a bakin randa, ta koma kan tabarmarta.

Wani baƙin mai na tsiyaya daga injin, yana bin dakali zuwa cikin yashi. A gindin dalbejiya Mufida ta sami wani tsohon hoton ƙashi, ta ɗaga shi saitin rana tana leƙawa. Uwar ta jawo ta jikinta, ta gyara mata ɗankwali.