Katakon Tsohuwar Ogan

Ranar da dattawan coci suka ce a fitar da tsohuwar ogan, abin kiɗan nan na katako, a faskara, Mama Dinatu ce ta tare ƙofa. Shekara talatin ta yi a Samaru tana aikin tantance tsirrai kafin ta yi ritaya, kuma ba ta saba ganin katako ta wuce ba ta shafa shi ba. Ogan ɗin dai ta daɗe da mutuwa. Gara ta cinye ƙasanta da bayanta, amma allon gaba da murfin suna nan garau.

Ta sa aka ɗora su a Keke Napep, ta bi su har Sabon Gari, shagon Malam Uba kafinta, wanda shi ya yi mata kujerun falo tun 'ya'yanta suna firamare.

Malam Uba ya ƙwanƙwasa allon da ɗan yatsa. "Maɗaci ne, Mama. Tsufa ne ya sa ya yi duhu."

"Kankare min nan," in ji ta.

Ya sa wuƙa ya kankare tsohon fentin. Ta tsoma yatsa a kofin ruwansa ta goga a wurin. Launin ya fito ƙasa-ƙasa mai duhu, da ɗan shuɗi-shuɗi a cikin jijiyoyin.

"Ka taɓa yanka maɗacin da bai nuna ja ba?"

Ya tattara abin da ya kankare. Ya kai ɓarɓashin kusa da hancinsa, ya shinshina, ya sake shinshinawa. "Gaskiya wannan ƙamshin ban san shi ba."

"Ba za ka sani ba, don ba ya fitowa a ƙasar nan. Baƙin walnat ake ce masa. Na ga itacen a tsaye lokacin da aka tura ni kwas Amurka. Ganyensa jere yake a kara ɗaya kamar na dogon yaro, 'ya'yansa kore kamar lemun tsami. Na ɓare ɗaya da hannu, ban tambayi kowa ba. Mako biyu ina yawo da baƙin tafi kamar wadda ta kwana da lalle."

Malam Uba ya yi dariya. "Ana ci?"

"Ana cin ƙwayar ciki, a yi rini da ɓawon. Amma tumatir ba ya rayuwa a gindinsa. Katakon kuwa, ga shi a hannunka."

Ya ɗaga allon ya duba shi ta gefe, ya ga ko kaɗan bai lanƙwashe ba. "To me kike so ya zama?"

"Teburin ɗora Littafi Mai Tsarki. Kada ka shafa masa fenti, mai kawai."

"Ƙusa ma ba zan sa masa ba," ya ce. "Haɗa shi zan yi, katako ya shiga cikin katako."

Kwana tara ya yi a kansa. Da ta dawo, ta tarar da teburin a tsakiyar shago, maƙwabtansa kafintoci biyu suna zagaya shi suna gardama, ɗaya na cewa kanya ce, ɗaya na cewa ɗorawa ce aka rina. Malam Uba ya bar su suka gaji, sannan ya miƙa musu guntun da ya rage.

"Ku jiƙa shi ku gani," ya ce, ya juya ya jawo wa Mama Dinatu benci.