Zanen Bahijja da Rumbun Maikasuwa

Raina ƙaramin abu shi ne laifin Maikasuwa, ɗan ƙanena, kuma shi ya ci masa rumbu.

Bara da kaka jikata Bahijja ta zo garinmu Gwiwa hutu daga jami'a. Da hantsi ni da Maikasuwa muna gindin darbejiya, ta buɗe kwamfuta ta nuna mana wani zane mai siffar ƙwai, duk ɗigo-ɗigo ja da shuɗi.

Na ce, "Amarya, mene ne wannan kuma?"

Ta ce, "Aikina ke nan, angona. Wani haske ne da ya girme ka nesa ba kusa ba, yana zuwa ta ko'ina a sama, ido ba ya ganinsa. Ɗuminsa kusan ɗaya ne, bambancin ɗaya cikin dubu ɗari. Sai a auna nan a auna can a gwada, na kusa da juna da na nesa. Ka miƙe hannu sama, faɗin ƙaramin yatsanka, a irin wannan tazarar bambancin ya fi fitowa."

Maikasuwa ya kwashe da dariya. "Ɗaya cikin dubu ɗari! Wannan ne karatun?"

Ni ban yi dariya ba. Ban yi boko ba, amma shekara hamsin ina cusa hannu a rumbu. Na ce mata haka muke jin gero: baki, tsakiya, jikin bango. Ta ce in nuna mata.

Nawa rumbun sanyi ƙalau ko'ina. Muka je na Maikasuwa, wanda ya ɗaure dammunansa kwana biyu bayan ruwan ƙarshe. Ta taɓa baki, ta zura hannu har kafaɗa, ta sake matsawa kamu guda.

"Baffa, tsakiyar nan ta ɗan fi ɗumi."

Ya shafa sama-sama. "Lafiya lau, 'yar boko."

Na cusa hannu na ji ɗumin da kaina. Na ce, "Kai, fitar da geron nan ka shanya."

"Baba, gobe kasuwa. Ɗumin da sai an runtse ido ake jinsa ba zai tsare ni ba."

Ban maimaita ba. Bahijja ta koma makaranta da ƙullin gerona, har yau kunun da take damawa ke nan, tana buga waya tana tsokanata.

Mako biyar bayan nan wari ya ishi maƙwabta, Maikasuwa ya buɗe rumbu. Dami arba'in ya zuba. Sha bakwai sun yi funfuna baƙi ƙirin, ko awaki sun ƙi ci. A cikinsu har da ukun da ya ware na iri.