Kalolin Makulli

Makulli ake ce masa a kamfanin tayoyin nan, don shekara goma sha tara ke nan makullin sito na rataye a ƙugunsa. Ofishinsa wani ɗan akurki ne a ƙarshen sito, babu taga, sai fanka mai kuka da warin roba. A nan ya koya wa kansa kwamfuta da yatsa biyu, ya gina teburin lissafi guda ɗaya a cikinta, ƙato. Duk tayar da ta shigo ko ta fita tana da layinta: sunan dila, direban da ya ɗauka, rana, girman taya. Layi dubu arba'in da ɗoriya. Ba mai iya karanta teburin nan sai shi, kuma maganar gaskiya da gangan ya bar shi haka, don kada wata rana a ce an gode masa.

Yanzu abin ya juyo kansa. Ranar Litinin za a yi wa matarsa tiyata a wani babban asibiti mai nisan yini guda, likita ya ce sai an yi jinyar mako uku. Takardarsa ta neman hutu kuwa kwananta tara a teburin Manaja.

"Makulli, ba ƙin ka nake yi ba," in ji Manaja. "Bara kwana biyu kacal ka yi zazzaɓi, muka loda wa dila tsagaggun tayoyi cike da mota. Ranar da rahoton safe ya fito ba tare da kai ba, ranar zan sa hannu."

Shi ya sa aka turo Injiniya daga babban ofis ranar Talata. Mace ce sa'ar ƙanwarsa, mai tabarau da gajeren haƙuri. Ta duba teburin, ta ja shi dama har hannunta ya gaji bai ƙare ba.

"Yaya, wannan tebur ne ko titin jirgi?"

"Shekara goma sha tara yana aiki. Ke naki shekara nawa?"

Ba ta kula shi ba. Ta jawo kwali ta juya bayansa, ta fara zane. Ta ce hanya biyu ce. Ta farko, a kwashi teburin yadda yake a zuba cikin sabuwar manhaja, ta riƙa fitar da rahoto. Yau ɗin nan a gama. Amma dila ɗaya ya rubuta sunansa iri shida, manhaja za ta ɗauka mutum shida ne, kuma duk gyara sai an bi layi dubbai. Ta biyu, a farfasa shi. Ta zana akwati a tsakiya: shige da ficen kaya kawai. Ta zana ƙanana huɗu kewaye da shi: na diloli, na direbobi, na irin tayoyi, na ranaku, kowanne da zare zuwa tsakiya.

"Tauraro muke ce masa. Sunan dila sau ɗaya ake rubutawa, in ya canja, wuri ɗaya za a taɓa. Sai dai yana cin kwanaki, kuma sai ka zauna ka gaya mini komai."

"Tebur ɗaya ya gagare ku, shi ne za ku mai da shi biyar? Yi ta farkon. Sauri nake."

Ba saurin kaɗai ba ne. Ya lura ta farkon ba ta buƙatar ya buɗe baki.

Ta yi. Da hantsin Laraba rahoto ya fito tsaf, har da zane-zane. Ya ce tayoyin babbar mota ɗari shida da goma sha biyu ne a shirye don lodi. Manaja ya sa aka ƙirga. Masu kyau ɗari biyar da arba'in ne.

Injiniya ta dawo akurkin ta tsura wa tsohon teburin ido, can ta cire tabarau.

"Yaya, waɗannan layukan da ka shafa wa ja da kore, ado ne?"

Ya kau da kai. Ta ci gaba.

"Manhaja ba ta ganin kala. Rubutu take karantawa. Duk abin da ka ɓoye a cikin kala, a wurinta babu shi. Ko wace hanya muka bi, sai an buɗe wa kowace kala gurbinta an rubuta ma'anarta. In ba haka ba, kai ne manhajar, kuma kai ba ka zuwa ko'ina."

Ya fita ya tsaya tsakanin tayoyin da aka jera har rufi. In ya faɗa, ya zama kamar kowa, wanda za a iya sallama da takarda ɗaya. In ya ƙi, Litinin ta same shi a nan. Yana tsaye wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce.

"Baban yara, kada ka takura kanka. Ƙanena ya ce zai raka ni."

"Ƙanenki? Wanda ke suma in ya ga allura?"

"To ya zan yi? Kai kamfani ka aura."

Ta faɗa da dariya. Ya koma ciki ya jawo kujera.

"Rubuta. Ja, tsagaggu ne, za a mayar. Kore, aro muka ba wani reshen kamfani. Ruwan ɗorawa, an ware wa dila bai zo ɗauka ba. Amma kafin shekarar da aka gyara rufi, ruwan ɗorawa na nufin wanda yoyo ya jiƙa wa takardar jiki."

"Shuɗi fa? Ya fi dubu uku."

Ya sosa ƙeya. "Shuɗi ba komai. Na sa ne don mai leƙe ya rikice."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Allah ya shirye ka, Yaya."

Yini biyu suka yi a akurkin nan, ƙofa rufe, fanka na kuka. Tana tambaya, yana amsawa. Tauraron suka gina, don ta ce tunda an fara tonawa gara a tone duka. Sunayen dila shida suka koma ɗaya. Wani direba da ya rasu shekara huɗu da suka wuce aka ba shi layinsa shi kaɗai. Duk abin da ya faɗa, sai ya ji kamar an zare masa aljihu ɗaya.

Ranar Asabar da safe, kafin ya sa makulli a ƙofar sito, rahoto ya riga ya shiga wayar Manaja. Ɗari biyar da arba'in, daidai. Manaja ya sa hannu yana murmushi.

"Mako uku? Haba, ɗauki wata biyu ma. Kada ka yi gaggawar dawowa. Bar makullin a wurin maigadi."

Ranar Litinin yana zaune a bakin gadon asibiti, ana shirin shiga da matarsa ɗakin tiyata. Hannunsa na ta komawa ƙugu, inda babu komai. Ya ciro waya ya duba, ya mayar. Ya sake cirowa. Ƙarfe goma ta wuce, lokacin lodi, ba wanda ya kira.

"Wa kake jira?" in ji ta.

"Ba kowa."

"To riƙe mini hannu, ga su nan sun taho."

Ya kife wayar a kan gado, ya riƙe.