Ƙarfen da Na Ƙara

Shekara arba'in da ɗaya ina walda. Goma sha tara a masaƙar Kakuri, sauran a rumfata da ke Nasarawa, bayan an rufe masaƙar an sallame mu. Sunana Nicholas. A layinmu Baba Walda ake ce mini. Ban wuce aji uku na firamare ba, kuma ban taɓa haɗa ƙarfe ya rabu ba.

Hadassah jikata ce, 'yar ɗana na fari. A hannuna ta tashi bayan rasuwar ubanta. Tana shekara tara na ɗora mata gilashin walda a fuska, na kama hannunta muka ja layin farko tare. Yanzu tana ajin ƙarshe a jami'a, injiniya take karantawa.

Wata Asabar ta zo da abokan karatunta biyu, Auwal da Damaris, ɗauke da manyan takardu a naɗe. Ta ce motar tsere za su ƙera, su goma sha biyu. Kujera ɗaya, injin babur, tayoyi huɗu a waje. Jami'o'i za su haɗu a ga ta wa ta fi. Ita za ta tuƙa, don ta fi kowa rashin nauyi.

"Kaka, wurin ajiya muke nema. Ɗakin aikinmu na makaranta ya cika."

Na ce rumfa tasu ce. Da kaina na share bayanta, na kwashe tarkacen shekara goma. Na sayo sandunan walda kwali biyu na ɓoye ƙarƙashin benci. Abu ɗaya nake so: motar da jikata za ta shiga, hannuna ya kasance a jikinta. Na zauna ina jira a ce, Kaka, ga bututu, haɗa mana.

Ba a ce ba.

Ran Laraba a-kori-kura ta tsaya a bakin rumfa, su Hadassah suka fara loda bututun da suka tara a wurina.

"Ina za a kai su?"

"Sabon Tasha, wurin Oga Chidi," in ji Hadassah. "Yana da injin walda mai gas ɗin agon. Bututun nan siriri ne, Kaka. Naka injin huda shi zai yi."

"Wane Chidi?"

"Ka san shi mana."

"Chidin da na koya wa riƙe guduma?"

Auwal ya sunkuyar da kai kamar yana gyara igiya. Motar ta tashi.

Chidi ya zo wurina yana ɗan shekara sha bakwai, daga Enugu, ko zo in kashe ka bai sani ba da Hausa. Shekara shida ya yi a ƙarƙashina. Yanzu yana da shago mai ƙofa biyu, da tumbi, da furfura a gemu. Ban taɓa ƙin sa ba. Daga ranar na fara.

Sunansa ya shigo gidana ya zauna. Ina cin faten acca, sai in ji, Oga Chidi ya ce a goge bututu da sinadari kafin a ɗiga masa wuta. Ina wanke hannu, Oga Chidi ya ce ƙarfe na da numfashi. Wannan maganar tawa ce. Ni na faɗa masa ita tun ba a haifi Hadassah ba. Ya ɗauka ya sa mata sabuwar riga, jikata ta kawo mini ita gida kamar tsaraba.

Bayan sati uku aka dawo da ƙashin motar. Da suka tafi na sa tabarau na bi kowace gaɓa. Waldar ta kwanta sumul, kamar an jera kwabbai ɗaya kan ɗaya. Na nemi aibu har wuyana ya ƙage. Ban samu ba. Sai na sa hannu ɗaya na ɗaga gaban. Ya taso kamar kwando.

Kejin kaji, na ce a raina.

Yaran nan nauyi ne abokin gabarsu. Da aka ɗaura tayoyi da inji, suka kawo sikeli huɗu, irin wanda mutane ke hawa su auna kansu, suka sa ɗaya ƙarƙashin kowace taya. Damaris na karantawa tana rubutawa da alli a bangona. Har ramuka suke hudawa a ƙananan ƙarafa don su rage abin da bai kai nauyin ƙwai ba. Ranar da suka zubar da rabin kilo, Auwal rawa ya taka a tsakiyar rumfa.

Na ce musu a garin nan ƙara ƙarfe ake yi wa mota, ba ragewa ba. Bas ɗin da ke jigila daga Sabo zuwa Kasuwa, da yawansu ni na ɗaure musu ciki, shi ya sa suke raye. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

"Kwamfuta ta lissafa, Kaka," in ji Hadassah. "Oga Chidi ma ya duba."

Damaris ta ce, "Baba, ba Sabo za mu kai fasinja ba ai."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ran Lahadi na ce gwiwata na ciwo. Kowa ya tafi coci. Da na ji an fara kiɗa a majami'ar bayan layi, na jawo injina. Ina da ƙarfen angil, mai kusurwa, mai kauri, da na cire daga wata tsohuwar bas. Na yanka guda biyu na shimfiɗa ƙarƙashin kujera. Na gitta na uku ta sama, daidai inda ƙafafu ke wucewa. Na ce wa kaina ran yarinyar nake tsarewa. Rabi gaskiya ne.

Wuri uku bututun ya huje. Na cike su da sanda, na ƙara cikewa. Ƙarfen ya yi ja har nesa da inda nake aiki. Na goge, na shafa baƙin fenti irin nasu. Kafin a taso daga sujada na wanke hannu na kwanta a kujera. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Litinin da la'asar suka ɗora motar kan sikeli. Damaris ta karanta, ta sake karantawa.

"Sikelin nan ya lalace."

Auwal ya cire ɗaya ya hau da kansa. "Lafiyarsa ƙalau. Sittin da biyu nake, tun daga sakandare."

"To daga ina kilo tara ya fito?"

Ina zaune ina fere tsinke. Ban ɗago ba.

Akwai doka a gasar: in an ce fita, dole direba ya cire bel ya fice ya taka ƙasa kafin daƙiƙa biyar, saboda gobara. Kullum Hadassah na gwadawa. Ta ce su bar sikelin tukuna, ta shiga. Auwal ya riƙe agogo ya ce fita. Ta zabura, gwiwarta ta daki ƙarfena. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Sai da ta yi daƙiƙa tara kafin ta fito, tana ɗingishi.

Ta kwanta a ƙasa ta leƙa ƙarƙashi. Na ga babban yatsanta na bin waldar a hankali. Ta jima a wurin. Da ta taso ta ce wa abokanta su je su sayo ruwan sanyi a bakin titi, na can nesa, ba na kusa ba.

Muka rage mu biyu.

"Kaka, wannan hannunka ne."

"Hannuna ne."

"Don me?"

"Don kada ki mutu cikin kejin kaji."

"Da wuta ta kama, wannan ƙarfen ne zai riƙe ni a ciki."

Na jefar da tsinken da nake ferewa.

"Da ka tambaye ni."

"Ke kin tambaye ni?"

Ta ɗauko zare ta ja daga kusurwar gaba zuwa ta baya, ta sake ja ta ɗaya gefen. Zafin injina ya janye ƙashin. Bayan hagu ya goce da faɗin yatsa. Saura kwana goma sha ɗaya masu bincike su duba motar, kuma ƙashi in ya karkace ba a barin mota ta shiga fili. Aikin mutum goma sha biyu ne, na shekara guda.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na san abin yi. Waya ta ciro, a gabana ta kira Chidi.

Washegari da safe ya iso da injinsa da tulun gas a bayan mota. Ya cire hula, ya rusuna har ƙasa.

"Oga na, ina kwana? Ina gajiya? Yaya gwiwa?"

"Ta warke."

Da ya zo da girman kai da ya fi mini sauƙi. Ya kwanta ƙarƙashin motar da tumbinsa, ya yi fito.

"Kai, Oga! Wannan ko tirela ta bi ta kai ba zai karye ba. Har yanzu hannun na nan." Ya fito yana kaɗe wando. "Wahalar ita ce, ba tirela yaran ke yi ba."

Auwal ya juya baya yana tari.

Chidi ya ce sai an yanke ƙarfen, an kuma sauya bututu uku. Ya miƙa hannu zai ɗauki injin yanka. Na riga shi.

"Ni na sa. Ni zan cire."

Awa biyu na yi. Waldata ba ta sakin abu da sauƙi, ko ni ba ta sakar mini ba. Faifan yanka uku ta cinye. Na jefa ƙarafan bayan rumfa.

Da aka zo haɗa sababbin, dole wani ya riƙe bututu cak kafin a ɗiga masa wuta. Auwal ya riƙe, ya motsa. Damaris ta riƙe, zafi ya sa ta saki. Chidi ya ɗaga gilashinsa.

"Oga, hannun 'yan boko rawa yake yi. Taimaka ka riƙe mini."

Har yau ban sani ba ko alheri ya yi mini ko ramuwa. Na riƙe. Kwana uku ina riƙe wa yarona bututu a rumfata, jikata na tsaye tana miƙa masa kaya kafin ya tambaya.

"Ka tuna, Oga? In na motsa sai ka ƙwanƙwasa mini yatsu da sifana ta kwance noti."

"Shi ya sa ka iya."

"Hadassah, kin ji? Bai ce yi haƙuri ba har yau."

Ta yi masa dariya. Tun Litinin ba ta yi mini ba.

Ta cikin gilashi na kalli wutarsa. Ƙarama ce, shuɗiya, ba ta tartsatsi, ba ta hayaƙi. Ƙarfen na narkewa kaɗan kaɗan yana bin hannunsa kamar ɗan akuya. Yatsuna suka yi ta ƙaiƙayi. Na so in karɓa in gwada ko layi ɗaya. Da na tambaya da ya ba ni nan take, a gaban kowa. Shi ya sa ban tambaya ba.

Ran Alhamis zare ya nuna daidai. Sikeli ya dawo, sai ɗan abin da bai kai rabin kilo ba. Damaris ta goge lambar bango ta rubuta sabuwa. Ba wanda ya yi rawa.

Hadassah ta same ni ina wanke hannu.

"Kaka, mun yi taro. Za a mayar da motar shagon Oga Chidi har ranar tafiya."

"To."

"Ba ni kaɗai na yanke ba. Hannu aka ɗaga."

"Ke kin ɗaga?"

Ta kalli ƙasa. "Na ɗaga."

"Ku kwashe sikelinku ma."

Suka kwashe. Bayan rumfar ya koma fili, sai tabon mai da alli a bango.

Asabar za su gwada ta a wani fili bayan Unguwar Boro. Ta ce in zo. Na ce zan gani. Na sa rigar cocina, na hau Keke Napep, na sauka nesa na ƙarasa da ƙafa. Na tsaya ƙarƙashin wani mangwaro, inda ba wanda zai ce neman shiga nake yi.

Motar ta tashi da ƙara kamar an yaga zani. Ta zagaya filin sau takwas. A kwana ba ta karkata ba, ba ta yi rawa ba. Na saurara da kyau, don kunnena bai tsufa ba. Da ta tsaya Auwal ya ce fita. Daƙiƙa huɗu. Yaran suka yi ihu.

Ta cire hular kwano. Wurin Chidi ta fara rugawa, suka tafa hannu biyu. Sannan ta fara waige-waige. Na bar ta ta neme ni. Sai da ta kira Kaka sau uku na fito daga inuwa.

Ta zo da gudu, gumi na zuba, idanu na ƙyalli.

"Ka gani?"

"Na gani."

"To yaya?"

"Birkin baya na hagu na kuka."

"Haba, Kaka. Ba wanda ya ji komai."

"Je ki taɓa."

Ta je ta kai hannu kusa da faifan birkin, ta janye da sauri tana yarfe yatsu. Ta juyo ta dube ni, irin kallon da take yi mini tana ƙarama. Na fara naɗe hannun rigata.

"Oga Chidi!" ta kira. "Zo ka duba mana, Kaka ya ce birki na kamawa."

Ni na ji kukan. Shi aka miƙa wa sifana.